Gwajin Aiki a Matsayin Ma'aunin Ilimin Ɗalibi



Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda makaranta ke gane ko ɗalibi ya koyi abin da aka koya masa. Hanyar da muka fi sabawa da ita ita ce jarrabawar takarda. Amma akwai wata kuma, watau gwajin aiki, inda ake sa ɗalibi ya aikata abin a gaban malami, sa'an nan a ba shi maki bisa ga yadda ya yi. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin maƙeri ba ya sallamar yaronsa sai ya ga fartanyar da ya ƙera.

Tsarin ilimi na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ya bukaci a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, ba sai ranar jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, takan sa ɗalibin kimiyyar sinadarai ya ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani, har launi ya sauya, ya rubuta yawan abin da ya zuba. Haka kuma ɗalibin kwalejin horar da malamai ba ya samun takardar shaida sai an ga koyarwarsa a aji.

Mu ɗauki misali daga Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsayin wasali ko karin sauti. Yadda ake rubuta "gari" na mutane, haka ake rubuta "gari" na tuwo. Saboda haka mai koyon Hausa yana iya cin jarrabawar takarda, alhali in ya buɗe baki ba a fahimce shi ba. Sai an saurare shi za a gane.

Sai dai gwajin aiki yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, kayan aiki. Inda ɗakin gwaje-gwaje ya zama fanko, ɗalibi yakan haddace bayanin aikin da bai taɓa yi da hannunsa ba. Na biyu, adalci. Tun da idon malami ne ma'auni, lalle ne a rubuta tun da wuri abubuwan da za a duba da makin kowanne, a kuma sanar da ɗalibai. In ba haka ba, son zuciya zai shiga, ɗan talaka kuwa shi zai fara cutuwa.

Ku ma'aikata masu tsara kasafin ilimi, sharaɗi na farko yana wuyanku. Na biyu kuwa yana wuyanmu mu malamai.