Samar da tsokar zuciya daga ƙwayoyin tushe

Samar da tsokar zuciya daga ƙwayoyin tushe wani fanni ne na binciken likitanci da ake rainon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje har su zama irin na tsokar zuciya, sannan a dasa su a zuciyar da ta lalace. Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zama na wata gaɓa ba, kuma suna iya hayayyafa su rikiɗe su zama na jini, ko na ƙashi, ko na tsoka. Yawancin wannan aiki yana matakin gwaji ne a kan marasa lafiya ƙalilan, bai zama magani na yau da kullum a asibitoci ba.

Dalilin binciken

Fata da jini suna sabunta kansu, amma zuciya ba ta yin haka sai kaɗan. A shekarar 2009, masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciya ne ke sabuntuwa a shekara ga mai shekara 25, kuma adadin yana raguwa da tsufa. Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, ƙwayoyin tsoka kusan biliyan ɗaya na iya mutuwa. Tabo ne ke maye gurbinsu, shi kuwa tabo ba ya bugawa. Daga nan zuciya ke raunana ta kasa harba jini yadda ya kamata, abin da likitoci ke kira gazawar zuciya. Magunguna suna rage mata wahala, suna kuma tsawaita rai, amma ba sa mayar da tsokar da ta mutu.

Tarihi

A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya fara rainon ƙwayoyin tushe na ɗan tayin mutum. A 2001 ƙungiyar Lior Gepstein a birnin Haifa ta nuna cewa suna iya zama ƙwayoyin zuciya masu bugawa. Amfani da ɗan tayi ya jawo muhawara ta addini da ta ɗa'a a ƙasashe da dama. Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya buɗe wata hanya: a 2006 ya mayar da ƙwayoyin fatar ɓera suka koma na tushe, a 2007 ya yi haka da na mutum. Ana kiran irin waɗannan iPS a taƙaice, kuma sun sa ya samu kyautar Nobel a 2012.

Yadda ake yi

Ana ɗaukar ɗan jini ko ɗan yankin fata, a mayar da ƙwayoyinsa na tushe. Sai a riƙa ba su sinadarai bi da bi, ana kwaikwayon yadda zuciya ke samuwa a cikin mahaifa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sukan fara bugawa da kansu a cikin faranti. Bayan an tace su, ana yin allurarsu cikin tsokar zuciya, ko a haɗa su su zama faci a liƙa a bayanta lokacin tiyata.

Gwaji a kan mutane

A 2014 likitan tiyata Philippe Menasché ya liƙa wa wata marar lafiya facin da aka yi da ƙwayoyin tushe na ɗan tayi a birnin Paris. A Janairun 2020 Yoshiki Sawa na Jami'ar Osaka ya yi dashe da ƙwayoyin iPS. A Jamus, Jami'ar Göttingen ta fara nata gwajin a 2021 a kan masu gazawar zuciya mai tsanani.

Matsaloli

Ƙwayoyin da ake samarwa sun fi kama da na jariri, ba su da ƙarfin na babba, kuma da yawansu suna mutuwa bayan dashe. Gwajin da ƙungiyar Charles Murry ta yi a kan birai a Seattle a 2014 ya nuna cewa suna kama jiki, amma suna rikita bugun zuciya. Idan wata ƙwayar tushe ta rage ba ta rikiɗe ba, tana iya zama ƙari. Idan kuma ƙwayoyin wani mutum ne, dole marar lafiya ya sha magungunan danne garkuwar jiki. An kuma taɓa samun ruɗi a fannin: a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardun bincike 31 daga ɗakin gwajin Piero Anversa, wanda ya yi iƙirarin cewa zuciyar babba tana da ƙwayoyin tushe masu sabunta ta.

Sakkwato da arewacin Najeriya

A ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin manyan cututtukan tsokar zuciya ita ce wadda ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin jego. Alamominta su ne haki, da kumburin ƙafafu, da tari idan an kwanta. Binciken da Isezuo da Abubakar suka wallafa a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya samu mace ɗaya mai cutar a kowace haihuwa 102, wanda yana cikin adadi mafi yawa da aka samu a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa, daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya nuna alaƙarta da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki.

Gwaje-gwajen dashe na farko sun fi karkata ne ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe. A cutar masu jego kuwa tsokar raunana take yi, kuma mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa idan suka je asibiti da wuri aka ɗora su a kan magani. Inda ƙwayoyin iPS ke da amfani a nan kusa shi ne nazari: ana iya samar da ƙwayoyin zuciya daga jinin marar lafiya, a duba yadda cutar ke aiki, a gwada magunguna a kansu ba tare da an taɓa zuciyarta ba.

Dashen ƙwayoyin tushe da aka tabbatar da amfaninsa shi ne na ɓargo, don cututtukan jini. An fara yin sa a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai ciwon sikila.