Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Huhu Ke Aiki da Dalilin Tarin Kaka

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga yankin Funtuwa, ya rubuto yana son a bayyana masa inda iskar da muke shaƙa take zuwa, da kuma abin da ya sa duk shekara in an shiga sussuka da hunturu tari ke damun jama'a.

AMSA: To madalla, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, iskar da ka shaƙa ta hanci take fara bi. Gashin nan na cikin hanci da majina aikin rariya suke yi, suna tare ƙura, hancin kuma ya ɗumama iskar ya jiƙa ta. Shi ya sa numfashi ta hanci ya fi na baki. Daga nan sai ta gangara maƙogwaro, inda hanya ta rabu biyu: ta iska a gaba, ta abinci a baya. Akwai wani ɗan marfi da ke rufe hanyar iska duk sa'ad da ka haɗiyi abu. In mutum ya yi dariya da tuwo a baki, marfin bai rufe da kyau ba, shi ne za ka ga ya ƙware.

Shi bututun iskar, tsawonsa a jikin babba wajen santimita 10 zuwa 12 ne. A cikin ƙirji ya rabu biyu, ɗaya ya nufi huhun dama mai sashe 3, ɗaya huhun hagu mai sashe 2, saboda zuciya ta ɗan ci wurinsa. Kowane reshe sai ya yi ta rarrabuwa kamar itacen da aka kifa, har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna fiye da miliyan 300, waɗanda jijiyoyin jini da ba su kai silin gashi kauri ba suka kewaye. A nan ne ake musanya: jini ya karɓi iskar oksijin mai raya jiki, ya sauke gurɓatacciyar iska a fitar da ita. Cikin kashi 100 na iskar da ke shiga, 21 oksijin ne. In ta fito saura wajen 16.

Huhu ba ya motsa kansa. Wani faffaɗan tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki shi ke ja ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shiga, kamar dai zugazugin maƙeri. Babban mutum yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana hutawa.

To, yanzu batun tari. A jikin bututun nan akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, dare da rana suna share ƙura da majina zuwa sama kamar tsintsiya. In ƙaiƙayi da hazon hunturu suka yi yawa, ga iska ta bushe, sai aikin ya fi ƙarfinsu, jiki ya koma yin tari don ya fitar da sauran. Hayaƙin taba da na itacen girki suna raunana wannan tsintsiya, ƙurar hatsin da ya yi fumfuna kuwa ta fi illa. Saboda haka in za ka yi sussuka ko shiƙa, ka tsaya ta inda iska ke tahowa, ka rufe hanci da baki da takunkumi ko ƙyalle mai ɗan laima. Uwargida kuma a bar mata taga a madafi. Kada sanyi ya sa a kwana da wutar gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, domin suna fid da iskar guba marar wari da jini ke kamawa fiye da oksijin sau 200, mutum ya mutu yana barci.

Amma fa ba kowane tari ne na ƙura ba. In ya kai mako 2 bai tafi ba, musamman da rama, zazzaɓi, gumin dare ko jini a kaki, to a je a gwada tarin fuka, watau tibi. Ƙwayar cuta ke kawo shi, wadda wani Bajamushe, Robert Koch, ya gano a 1882. Yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya.

Yaro kuwa in yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya lau. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, alamar limoniya ce, a garzaya asibiti ran nan. Cire masa beli ba ya maganin wannan, sai ma ƙarin zubar jini.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.