Ƙofar da sai an ɗaga take rufuwa: Gyaran da mai tsohuwar mota zai iya yi a gida

A tashoshin motar Arewa akwai direbobin da ba sa bari fasinja ya rufe ƙofa da kansa. Sai sun zagayo sun ɗan ɗaga ta, sannan su buga. Ana yawan ganin haka a tsofaffin Golf da Fijo 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana haɗawa.

Da yawa kan ɗora laifin a kan makulli, alhali matsalar tana jikin hinjis, ƙarfen da ke riƙe ƙofa da jikin mota. A tsakiyarsa akwai fin, wata ƙusa da ƙofar ke juyawa a kanta. Ƙurar hunturu kan shiga ta cakuɗe da tsohon giris, ta riƙa cin ƙarfen a hankali. Ƙofar direba ce ke fara zubewa, domin ita aka fi buɗewa.

Gwajin ba shi da wahala: a buɗe ƙofar kaɗan, a kama ƙarshenta a ɗaga sama. Idan ta yi wasa, fin ko bushin ya cinye.

Wasu masu gyara kan sa jak su banƙare ƙofar har ta koma daidai. Kwana biyu za ta yi lafiya, amma ramin fin ɗin yana ci gaba da faɗi, makullin kuma yana shan duka. Ƙofar da makullinta ya gaji tana iya buɗewa ana cikin tafiya, kuma sau da yawa yaro ne ke jingine da ita.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe ƙofar, a tokare ƙasanta da jak, a sa katako da tsumma don kada fenti ya kwarje. Kafin a taɓa noti, a zagaye gefen hinjis ɗin da maka. Wanda ya tsallake wannan zai wuni yana neman saiti. A canza ɗaya, a ɗaure, sannan a koma kan ɗayan. Idan aka kwance duka biyun, nauyin ƙofar na iya tsinke wayoyin gilashi. Notin da ya yi tsatsa a jiƙa shi da mai tun dare.

A Ƙofar Ruwa da ke Kano ko Panteka a Kaduna ana samun na hannu, sai dai wanda aka ciro daga ƙofar direban wata tsohuwar mota shi ma ya sha jiki. A tafi da tsohon don gwadawa, a kuma girgiza sabon a gaban mai shago.

A wasu motocin, hinjis ɗin a walde yake da jikin mota. Nan fin kawai ake iya fitarwa da guduma. Idan ramin ya riga ya buɗe, ko tsatsa ta ci ƙarfen da ke riƙe shi, sai a kai wa mai walda.