Gado da gonaki a tsohuwar Ingila: labarin gidan Paston

Yau za mu tafi Ingila, mu koma baya da shekara 600. A wannan zamani arzikin mutum ƙasa ce. Duka ƙasar Ingila ta sarki ce, tun daga shekara ta 1066 da Wiliyam na Normandi ya ci ta da yaƙi. Sarki ya raba ta ga manyan sarakai. A ƙarƙashinsu akwai masu gandaye. Su ba sarakai ba ne, ba talakawa ba ne kuma. Kowane yana da babban gida da gandu guda ko fiye. Ba su riƙon hauya. Manoma ke biyan su kuɗin sufurin gonaki, da shi suke ci, suke sutura.

In mai gandu ya mutu, wa ke cin gado? Dokar Ingila ta ce babban ɗa namiji shi kaɗai ke ɗaukar ƙasar. Ƙannensa sai su nemi abin yi: wani ya karanta shari'a, wani ya shiga soji, wani fatauci. Dalili shi ne kar gandu ya wargaje. In an raba shi kashi biyar, jikoki su sake rabawa, ba a daɗe ba gidan ya talauce. A yankin Kent dai al'ada ta bambanta: can ƴaƴa maza duka ke rabawa daidai.

In babu namiji, ɗiya mata su raba daidai. Shi ya sa kowane gida ke neman auren ɗiya mai gado. Matar mamaci kuwa tana cin amfanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar mijinta har mutuwarta. In magaji bai kai shekara 21 ba, ubangidan da ƙasar ke ƙarƙashinsa ya riƙe ta, ya ci amfaninta, ya zaɓa ma yaron mata. Don gudun haka, masu gandu suka samo dabara. Sai su danƙa ƙasarsu ga amintattun abokai a rubuce, su kuwa abokan su bi wasiyyarsu bayan sun mutu.

Ga misali daga wani gida na yankin Norfolk, gabashin Ingila. Klement Paston manomi ne. Ya ci bashi ya sa ɗansa Wiliyam makaranta. Wiliyam ya zama lauya, a 1429 aka naɗa shi babban alƙali. Ya sayi gandaye, ya auri Agnes, ɗiya mai gado. Ɗansu Jon shi ma ya auri mai gado, sunanta Margaret. Ku duba: ilimi ya kawo kuɗi, kuɗi ya sayi ƙasa, aure ya ƙara ta.

Amma samun ƙasa daban, riƙe ta daban. Wiliyam ya mutu a 1444. A 1448 wani basarake mai suna Moleyns ya ƙwace gandunsu na Gresham. Daga baya mutanensa suka zo da makamai, suka fitar da Margaret daga gida da ƙarfi. Sai a 1451 gandun ya komo hannunsu. A cikin gida kuma, tsohuwa Agnes ta rayu har 1479 tana riƙe da rabonta. Ɗanta Jon ya riga ta mutuwa, bai taɓa cin amfanin wannan rabo ba.

Babbar rigima ta tashi a 1459. Wani tsohon mayaƙi mai arziki, Jon Fastolf, ya mutu bai bar ɗa ba. Jon Paston lauyansa ne. Ya ce tsohon ya bar mishi gandayensa na Norfolk da Suffolk da baki, kwana biyu kafin ya cika. Sauran amintattu suka ce ƙarya ne. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Sau uku ana jefa Jon Paston gidan kaso a Landan. Ya mutu a 1466, maganar ba ta ƙare ba.

Cikin dukiyar akwai wani gida mai ganuwa a Caister. A 1469 babban basaraken Norfolk ya kewaye shi da runduna da igwa. A lokacin Ingila na cikin yaƙin basasa, sarki ba ya iya tsawata ma manya. Masu tsaron gidan wajen mutum 30 ne, ƙarƙashin wani ɗan Jon. Bayan sati biyar suka sallama. Sai da basaraken ya mutu a 1476 sannan gidan ya tabbata ga ƴan Paston.

Ta ina muka san duka wannan? Mutanen gidan sun iya karatu. Maigida na Landan wurin shari'a, uwargida na ƙauye tana tsaron gandu, suna aika ma juna wasiƙu. An adana takardunsu fiye da 1000, daga 1422 zuwa 1509. A ciki ana ganin cewa doka kaɗai ba ta tsare gado. Sai da takardar shaida, da lauya, da babban mutum mai goyon baya.

Dokar ta canza daga baya. A 1540 aka yarda mutum ya bar yawancin ƙasarsa ga wanda ya so ta hanyar wasiyya a rubuce. Dokar 1925 ta soke fifikon babban ɗa.

Tambayoyi

1. Me ya sa babban ɗa kaɗai ke gadon ƙasa?
2. Mene ne rabon matar mamaci?
3. Ta waɗanne hanyoyi gidan Paston ya samu gandaye?
4. Me ya sa wasiyyar Fastolf ta jawo rigima?
5. Ku tambayi dattawa yadda ake rabon gonar gado a garinku. Ku rubuta bambancin da kuka gani.