Cutar Noma: Kumburin Dasashin Yaro Ba Abin Wasa Ba Ne

Yaro ɗan shekara uku ya tashi daga ƙyanda, ga rama, ga ƙin abinci. Bakinsa na wari, yawu na dalala, dasashi ya kumbura, da an taɓa sai jini. A gida sai a ce zafi ne, a jiƙa masa saƙe-saƙi. Kafin mako biyu kunci ya haye, baƙin tabo ya fito a kai, naman wurin ya ruɓe ya zube, har ana hango haƙora ta waje. Wannan ita ce cutar noma, wadda a wasu ƙauyuka ake kira ɗanhurawa ko ciwon iska.

Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa kai labari. A Disambar 2023 hukumar ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Me bincike ya gano? Masana daga Janeba sun bi yara a yankin Damagaram, suka wallafa sakamako a 2013. Ba su sami wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ba. Abin da suka gani shi ne, ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowa su ne ke rikicewa, masu cutarwa su rinjayi sauran, idan tamowa da jinyar kwanan nan, irin su gudawa da ciwon ƙirji, sun karya garkuwar jikin yaro. Ke nan ba iska ba ce, ba jifa ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Babu dalilin ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki.

Tun tana dasashi, maganinta mai sauƙi ne: a wanke baki da ruwan gishiri mai ɗumi, likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da metronidazole, a kuma inganta abincin yaro. Idan ta riga ta ci fuska, sai tiyata. A Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, likitoci kan ɗebo fata da tsoka daga wani sashen jiki su toshe ramin, su kuma saki muƙamuƙin da tabo ya ɗaure har yaro ba ya iya buɗe baki. Aikin kyauta ne, tare da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF tun 2014, amma sau da yawa sai an shiga tiyata fiye da sau ɗaya, kuma fuska ba ta komawa yadda take.

Iyaye, rigakafi ya fi magani. A yi wa yara allurar ƙyanda. A kwana cikin gidan sauro. Bayan yaye kada a bar yaro da koko zalla. A haɗa masa da wake, gyaɗa, ƙwai da zogale. A goge masa baki kullum da asuwaki ko buroshi, a ɗaga leɓensa a duba dasashi, musamman in ya tashi daga jinya. Duk wanda ya ga warin baki haɗe da kumburi da jini, ya kai yaro asibiti a ranar, kada ya jira gobe.