Yadda manhajar waya ke sauya kama domin dacewa da mai ita

Manhaja ɗaya ce, amma abin da malamin zaure ke gani a wayarsa a Tambuwal yakan bambanta da abin da ɗan kasuwa ke gani a Kebbe, dukkansu a kudancin jihar Sakkwato.

Dalili kuwa shi ne, kowane abu da ke kan allon waya, kamar maɓalli ko akwatin rubutu, ana gina shi ne daban. Maimakon a yanke masa launi da girma sau ɗaya, mai tsara manhajar yakan gindaya sharaɗi: idan mai wayar ya zaɓi manyan haruffa, akwatin ya faɗaɗa, idan kuɗi ba su tafi ba, saƙon ya koma ja.

Kayan aiki irin su React Native, wanda Facebook ya fitar a 2015, da Flutter na kamfanin Google, sun sauƙaƙa hakan.

Boko da ajami

A Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna, rubutu daga dama zuwa hagu ba baƙon abu ba ne.

Hausar boko daga hagu take farawa, ajami kuwa daga dama. Saboda haka manhajar da ke ɗauke da su biyun sai ta juya tsarinta baki ɗaya, har da inda kibiyar komawa baya ke fuskanta. Wayoyin Android sun samu wannan dama sosai a 2012.

Sai dai juyawa kawai ba ta wadatar ba. Wanda ya yi karatun allo da ruwayar Warshu ya saba da harafin fa mai ɗigo a ƙasa, da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. A 2016 tsarin Unicode, wanda ke bai wa kowane harafi lamba, ya ƙara haruffan da suka dace da wannan salo. Idan manhaja ba ta zaɓi zanen haruffan da ke ɗauke da su ba, akwati fanko ne zai bayyana. Haka ƙ da ɗ da ɓ sukan fuskanta a boko.

Ido da batir

A 2019 Apple da Google suka shigar da baƙin allo cikin tsarin wayoyinsu. Yana rage hasken da ke dukan ido da dare, kuma a allo samfurin OLED yana rage cin batir, abin da ke da muhimmanci ga mai biyan kuɗin caji.

Sakaci a nan yana da illa. Idan aka ƙayyade girman akwati, dattijo kuma ya ƙara girman rubutu, adadin kuɗin da zai tura na iya yankewa, ya tabbatar da abin da bai gani ba.

Shi ya sa ake son a gwada manhaja a kan ƙananan wayoyi masu araha, cikin rana da cikin duhu, kafin a sake ta.