Abin da ya tanƙwara ƙafafun yaran Tibiri

A shekarun 1990 iyaye a Tibirin Gobir, cikin yankin Gidan Rumji dab da Maraɗi, suka fara ganin abin da ba su saba gani ba. Yaro ya tashi yana tafiya lafiya lau, sai ƙafa ta gwame ko ta yi baka, kai ya yi girma, haƙora su yi ja kamar na tsohon maci goro. Ba gida ɗaya ba, ba unguwa ɗaya ba.

Gado ne? Ai iyayen tsaye suke cak. Yunwa ce? Rashin abinci mai gina jiki yana lanƙwasa ƙashi, gaskiya ne, amma ba Tibiri kaɗai fari ke ci ba a ƙasar Maraɗi. Me zai tara cutar a gari guda? Ciwon shan inna kuwa shanye ƙafa yake yi, ba ruwansa da haƙori.

Haƙorin ne ya tona asiri. Likitoci sun san wannan tabo, aikin fulorayid ne, sinadarin da ake sa wa man goge baki. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori. In ya yi yawa sai ya taru a ƙashin da bai gama ƙwari ba, shi ya sa yara suka fi jin jiki.

Saura ta ina yake shiga. Yara 425 da abin ya yi wa tsanani, shekarunsu daga wata 15 ne zuwa shekara 14. Duk bayan 1985 aka haife su, shekarar da aka buɗe wa garin rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Ko an tafasa shi fulorayid ba ya fita, ƙaruwa ma yake yi saboda tururin da ya tashi. Da aka auna, sai aka sami miligiram 4.77 zuwa 6.6 a kowace lita.

Abin takaicin, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, miligiram 1.5, tana rubuce tun 1984. Lambar tana nan, wanda zai ɗebi ruwa a kwalba ya auna, ya kuma isa ya ce a rufe famfo, shi ne babu. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta ɗauki maganar, takwararta ta ƙasa da ƙasa, FIDH, ta fitar da rahoto a 2002. A ƙarshen shekarar Nijar ta yi dokar tsara ƙa'idojin inganci, a 2019 kuma aka kafa ANMC, hukumar ƙa'idoji da awo da shaidar inganci.

Ni dai abin da zan tambayi ANMC bai wuce wannan ba: burtsatsen da masu hali da ƙungiyoyin agaji ke haƙawa yau a Agiye da Gazawa, su ma a ƙasar Maraɗi, wa ke auna ruwansu kafin a ɗaura kan famfo?